Makonnin da Hannuna Ya Yi In'ina

Litinin, bayan an tashi makaranta

Yau 'yan ajina sun yi mini dariya, kuma da gaskiyarsu. Ina koya musu sassan shuka, na ɗaga hannu zan nuna saiwa, sai yatsuna suka kama rawa kamar wadda aka tsamo daga ruwan ƙanƙara. Dogon yaron nan da ke zama bakin taga ya buga tebur don in dube shi, ya ce da hannu, "Malama, yau in'ina kike yi?" Aji ya kece. Dariyar kurame ba ta da birki tunda ba sa jin ƙararta, har malamin lissafi ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni ma na taya su. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a makarantar kurame, ba a taɓa ce mini maganata ba ta fita ba.

Da na koma ɗakin malamai sai na zauna a kan hannun.

Talata, da safe

Ban yi barci ba. Baban yara ya dunƙule cikin bargo, ni kuwa na buɗe taga, na kunna fanka, duk da haka zufa ta jiƙa matashi. Zuciyata tana dukan ƙirjina kamar mai neman a buɗe mata ƙofa. Da gari ya waye ya dube ni ya ce, "Malama, shekaru ne fa. Haka yayata ta yi da al'adarta za ta ɗauke."

Na ce, "Yayarka burodi guda take cinyewa ta tashi da yunwa?"

Ya ce, "Wannan kam tun tana budurwa."

Ci nake kamar gara, amma siket ɗina sai da fil yake zama. Wata biyu ke nan da aka yi mini hoton ciki saboda ciwon kwiɓi, aka ce 'yar tsakuwa ce a ƙoda, ta kuma fita da kanta. Aka ce sauran komai lafiya lau. To in komai lafiya lau ne, wannan fa?

Laraba, da hantsi

Auta ya biyo shan shayi kamar kullum kafin ya wuce shagonsa na kafinta. Ƙanena ne, kurma tun haihuwa, kuma a kansa na koyi maganar hannu tun ina 'yar firamare. Ya riƙa tsokanata wai na rame kamar ƙusa. Gobe zan raka matarsa awo. Ita ma kurma ce, muna kiranta Wushirya, don alamar sunanta ita ce a taɓa tsakanin haƙoran gaba. Cikin ya tsufa, saura 'yan makonni.

Na farkon a wani gari suka rasa shi. Ta wuni a kan gadon asibiti ana yi mata magana da baki, ita tana kallon leɓɓa suna motsi. Tun da ta samu wannan na ce musu ko ina kan gargara, ni zan tsaya mata a ɗakin haihuwa.

Na miƙa wa Auta kofi, shayin ya zube a faranti. Ya dubi hannun, ya dube ni. Na ce zafi ne.

Laraba, da yamma

Baba, mahaifinmu, shi ma da hannun dama rawarsa ta fara.

Alhamis, da yamma

Mun je awon. Cikin lafiya ƙalau, ɗan ya juyo da kai ƙasa. Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, da safe

Ban yi barci ba. Auta bai zo shayi ba. Na zuba kofinsa na shanye.

Asabar, da azahar

Na je shagon. Yana feƙe ƙafar wani tebur. Na tsaya a inda inuwata za ta faɗa kan katakon, don haka nake yi masa sallama tun muna yara. Ya ga inuwar sarai. Sai ya kewaya ɗaya gefen teburin ya ba ni baya, ya ci gaba da aikinsa.

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane ba. Mai ji ko ya toshe kunne, ihunka zai shiga. Kurma kuwa in ya juya maka ƙeya, shi ke nan, an rufe gidan. Na daɗe tsaye ina kallon garin katako a gashinsa. Har furfura ya fara, wannan da na goya.

Lahadi, da yamma

Na yi wa Baban yara tsawa saboda ya ajiye cokali da ƙarfi. Cokali fa. Ya ɗauke cokalin ya sake ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Da ya rama da ya fi mini sauƙi.

Shekarun Baba na ƙarshe ni nake ba shi abinci a baki. Shi bakinsa ya rage masa, yana ba mu labari har ƙarshe. Ni in hannuna ya tafi, aikina ya tafi, ƙanena ma ba ni da hanyar da zan ce masa ina kwana.

Laraba, da la'asar, a kan gadona

Jiya abin ya faru a matakalar makaranta. Ina hawa ajin sama cinyoyina suka ce ba su san zancen ba, zuciyata ta ɓalle da gudu, na zauna daɓas da littattafai a jikina. Hedimasta da kansa ya sa ni a motarsa, ya kira Baban yara.

Likitar mace ce, 'yar siririya mai gilashi, ba ta kai sa'ar ƙanwata ba. Ta riƙe tsintsiyar hannuna tana kallon agogo, ta ɗaga gira. Ta ce in miƙa hannuwana gaba, ta ɗora fallen takarda a kai. Takardar ta dinga kaɗawa kamar tana son tashi. Daga nan ta zagaya bayana, ta dafa wuyana da yatsu, ta ce in haɗiyi yawu.

"Mama, wannan ɗan kumburin tun yaushe?"

Na ce, "Wannan ai ɗan maƙoƙo ne, tun haihuwata ta biyu yake nan. Bai taɓa tambayata komai ba."

Ta tambayi barcina, cina, zufa, yawan zagayawa, har da saurin fushi. A nan Baban yara ya yi tari. Ta ce ko ina shan wani magani, na ce babu. Ta ce, "A 'yan watannin nan an yi miki wani hoto da aka ɗura miki ruwa a jijiya?"

Na ce hoto dai an yi, amma ban tuna da wani ruwa ba. Baban yara ya ce, "An yi mana! Ba ke kika fito kina cewa kin ji ɗumi ya bi jikinki har kin zaci fitsari kika saki ba?"

A gaban likita. Shekara talatin da aure, mutumin nan bai san abin da ake bari a gida ba.

Likita ta danne dariya ta ce, "Baba, ka taimake mu." Ta ce a ɗebi jinina. Na yi ta maza na tambaye ta abin da na kasa tambayar kowa. Na ce mahaifina ya yi ciwon rawar jiki.

Ta ce, "Tasa rawar in yana zaune hannu a cinya take zuwa, ko?" Na ce ƙwarai, kamar mai murza wani abu a yatsa. Ta ce, "Taki sai kin miƙa hannu, kuma ƙanana ce, mai sauri. Ba zan rantse miki ba sai jini ya fito, amma ba ta yi mini kama da tasa ba."

Ta ba ni wata 'yar ƙwaya, ta ce za ta lallashi zuciyar kafin nan.

Juma'a, da hantsi

Ba irin na Baba ba ne!

Bari in sake rubutawa don in ga yadda ya zauna a takarda. Ba irin na Baba ba ne.

Ga yadda Likita ta yi mini bayani. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka, tayirod, ita ke saita saurin aikin jiki, kuma da wani sinadari, aidin, take aiki. Ruwan da ake ɗura wa mutum don hoto ya fito sosai cike yake da aidin. Yawancin mutane jikinsu na zubar da shi ba tare da sun sani ba. Amma mai ɗan maƙoƙo irina, wani lokaci tsokar sai ta samu kayan aiki ta kasa tsayawa, ta yi ta zuba abin a jini. Ba ranar take nunawa ba, sai bayan makonni, shi ya sa mutum ba ya haɗa su.

Na ce, "Wato an ba mayunwaciya makullin sito."

Ta ce, "Kusan haka. Amma sito na ƙarewa. Aidin ɗin zai fita a hankali, mu kuma mu riƙe ki da magani kafin nan."

Baban yara ya ce to laifin masu hoton ne? Ta ce a'a, hoton ya zama dole a lokacin, sai dai daga yau duk inda za a yi mini irinsa in faɗa musu kafin su taɓa ni. Ta ƙara mini ƙwaya ta biyu, mai rage wa tsokar zafin nama.

A bakin ƙofar asibiti na rungume Baban yara a gaban masu gadi. Ya ce, "Malama, mutane fa." Na ce su kalla. Ya ce, "To ashe ba shekaru ba ne." Na ce shekarun nasa ne, ni yanzu na fara.

Lahadi, da safe

Na yi barci har rana ta shigo ɗaki. Na ɗora takarda a bayan hannuna, ta ɗan motsa kaɗan ta kwanta. Na kira Baban yara ya zo ya gani. Ya tafa mini kamar na ci jarrabawa.

Litinin, da yamma

Wushirya ta zo ita kaɗai, tana tura ciki a gaba. Ba ta zauna ba sai da ta wanke ni tas. Tunda ita ta faɗa, bari in rubuta.

Ranar awon nas ta ce ɗan ya kwanta daidai. Hannuna yana rawa, ina sauri, alamar ta fita a karkace, Wushirya ta karanta cewa ɗan ya daina motsi. Ta ƙwalla ƙara a tsakiyar layi. Auta ya riƙo kafaɗata yana ta cewa in maimaita, in maimaita, me aka ce. Ni kuma zufa na karyo mini, zuciya na gudu. Na gyara maganar. Sannan na juya na ce wa ƙanena, da manyan alamu yadda ko makaho zai gani, na gaji. Na ce tun ina yarinya nake bakinsa, ya je ya nemi wani bakin.

Ta ce, "Yaya, ni na yafe tsoron da kika ba ni. Amma shi tun ranar ba ya cin abincin kirki. Ya je yana tambayar abokansa ko akwai mai fassarar haya."

Na nuna mata wuyana, na yi mata bayanin aidin da sito. Ta taɓa maƙoƙon da yatsa ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya hargitsa gida biyu?" Ta harare shi, ta yi masa alamar da ba zan koya wa 'yan ajina ba.

Talata, bayan an tashi makaranta

Na koma shagon. Ya juya baya. Wannan karon na ɗauki guduma na buga ƙafar bencin da yake jingine da shi, yadda zai ji a ƙashinsa. Ya waiwayo a fusace. Na miƙa hannuwana biyu a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Sun daina."

Na ce, "Sun kusa." Na ba shi labarin tun daga matakala. Da na zo kan Baba sai ya zauna a kan buhun garin katako. Ya ce tun ranar da shayi ya zube shi ma abin da ya faɗo masa ke nan, ya kasa tambaya.

Can ya ce, "Maganar da kika yi a asibiti, ciwon ne ya faɗa ko ke?"

Da na so in ɗora wa maƙoƙo duka. Amma Auta fuska yake karantawa tun kafin ya iya tafiya. Na ce, "Ciwon ne ya sa na faɗe ta haka, a gaban mutane. Amma ina gajiya, Auta. Kuma ina tsoron ranar da za ku neme ni ba ni nan."

Ya sosa kai. Ya ce, "Ni ma ina gajiya da ke. Kin cika surutu." Sai ya jawo kaina ya haɗa da ƙirjinsa, garin katako ya cika mini hanci, na yi ta atishawa ina kuka.

Laraba, da safe

Ya zo shayi. Ya sha kofi biyu, wai yana rama na baya.

Asabar, da azahar

Mun yanke shawara ba zan zama baki ɗaya tilo ba. Ni da Wushirya muka je wajen ungozomar da za ta karɓi haihuwar, wata ƙatuwar mata mai murya kamar lasifika. Na ce zan koya mata 'yan alamu: yi nishi, dakata, ja numfashi, ina ke ciwo. Ta ce, "Malama, ni da yatsuna kamar ayaba?" Amma ta zauna, ta kira nas biyu. Kafin mu tashi ta iya ce wa Wushirya sannu, Wushirya ta gyara mata babban yatsa.

A gida kuma Baban yara ya shiga aji. Shekara talatin yana gaisa da surukinsa da ɗaga gira kawai. Jiya ya so ya ce wa Auta "ka ci abinci", ya ce masa "kai akuya ne". Auta ya ce ai gara haka, yau dai sun yi hira.

Alhamis, da hantsi

Rawar ta dawo. Na kasa sa zare a allura. An sake ɗibar jini, Likita ta ce ya sauko amma da saura, ta gyara mini magani. Ta ce haka yake yi, in daina auna kaina kowace safiya. Na ce mata akwai haihuwa a gabana. Ta ce, "Ke za ki haihu?" Na ce kusan haka.

Lahadi, da yamma

Na cire fil daga siket.

Talata, bayan an tashi makaranta

Na hau matakala ban dafa bango ba. Na ba 'yan ajina labarin ciwon gaba ɗaya, na zana wuya a allo. Yanzu kowa na shafa maƙogwaronsa yana cewa shi ma yana da shi, don a bar shi ya tafi gida.

Juma'a, da la'asar, a kan bencin asibiti

Bari in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Ina tsakiyar darasi da safe Baban yara ya bayyana a ƙofar aji, ya yi mini alamar ciki, ya yi alamar gudu. Duka biyun daidai. Na bar alli a ƙasa.

Na tarar naƙuda ta yi nisa. An bar Auta a baranda yana safa da marwa. Ungozoma ta ce, "Kin ganni nan, na ce mata ta ja numfashi kuma ta ja!" Na tsaya saitin fuskar Wushirya. Abin da ungozoma ta faɗa da baki, ni in sauke shi a hannu. Yi nishi. Ƙara. Huta. Zufa na zuba mini, amma irin ta kowa ce, duk ɗakin zufa ake.

Kai ya fito. Sai na ji muryar ungozoma ta canja. "Ta dakata! Cibiya ta naɗe wuya. Kada ta yi nishi, Malama, ta dakata!"

Wushirya kuwa ta runtse ido gam, ta tattaro duk ƙarfinta za ta yunƙura. Idonta a rufe, ba ni da ta inda zan shiga. Na kama fuskarta da hannun hagu, na hura mata iska a ido. Ta buɗe. Na kafa mata tafin hannun dama a gaban hancinta. Dakata. Dube ni. Ja numfashi. Hannun ya tsaya cak kamar an dasa shi. Ta karanta, ta saki yunƙurin, tana haki tana kallona, ni ina kallonta, har na ji ungozoma ta ce, "Na zare. Yanzu ta turo!"

Na sauke hannu na ce turo.

Mace ce. Ta fito shiru, jikinta ya yi duhu. Ungozoma ta kifa ta tana murza bayanta da tawul. Wushirya ba ta kalli jaririyar ba, fuskata take kallo, don a nan za ta ji labari. Ban san me fuskar tawa ta ce ba. Sai yarinyar nan ta ja iska ta tsala wani ihu da ya sa nas ta yar da almakashi.

Na ce, "Tana kuka! Tana kuka!" da hannu biyu, da baki, ina jin har da ƙafa.

Da aka kintsa su na fita baranda. Matan da ke kan benci duk sun ji kukan, suna ta yi wa Auta murmushi, shi kuwa ya ƙi yarda da kowa, ya kafe ƙofa da ido. Na ce masa mace ce, tana raye, uwar ma lafiya. Ya juya ya rungume Baban yara.

Aka ba shi ita a zani, ba ta fasa ihun ba. Ya ɗora tafinsa mai kanta a ɗan ƙirjinta, yana jin kukan na ratsa hannunsa. Hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa wa Baban yara ita don ya samu hannun magana.

Ya ce, "Yaya, da ƙarfi take yi?"

Na ce, "Ta fi injin yankan katakonka."

Ya share ido, ya yi tunani, ya ce, "To madalla. Gidanku ne a jikin namu. Ku za ta dama."